Farin Fenti a Ƙofar Baƙar Mota

Auta tana shanya wanki a tsakar gida ta ji muryar Yaya daga waje, sama-sama, irin wadda yake yi idan ransa ya ɓaci. Ta yafa mayafi ta leƙa.

Mutane sun taru a bakin get, sun kewaye motar Manaja. Baƙar mota ce sabuwa fil, ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. Ƙofarta ta baya ta lotsa ciki kamar an naushe ta, ga wani dogon karce na farin fenti ya ja har kusa da taya.

Manaja abokin Yaya ne tun suna makaranta, yanzu shi ke riƙe da reshen wani banki. Da safe ya zo ya ajiye motar a tsallaken layin, daidai saitin get ɗinsu, suka fita da Yaya a tasa motar duba wani fili. Dawowarsu ke nan suka tarar da abin.

Shi Manaja bai ɗaga murya ba. Shafa wurin kawai yake yi da yatsa yana girgiza kai. Yaya ne ke ta faɗa yana tambayar wanda ya gani. Mai shagon kusurwa ya ce shi dai yana ciki yana awo, bai ga faruwar abin ba, amma ya ga farar motar burodi ta tsaya a bayan wannan ta jima, sannan ta tashi.

Duk suka juyo suka kalli Auta. 

Babu wanda bai san mai farar motar burodi ba a layin. Dogo ake ce masa. Shi ke raba burodi a shaguna, kuma duk ranar Asabar idan zagayensa ya biyo ta nan yakan tsaya su gaisa da Auta a bakin get, a tsaye, a idon kowa. Yau ma ya tsaya. Sai yanzu ta tuna cewa bai sake ba kamar yadda ya saba. Maganarsa guntu-guntu, idonsa na komawa tsallaken titi, ya yi mata sallama da wuri ya tafi.

Ta koma ciki, ta bar sauran wankin a bokiti.

Tun farko Baba bai so wannan neman ba. Ba don Dogo yana da wani aibu ba, sai don sana'arsa. Baba tsohon direba ne. Ya kama sitiyari a wata ma'aikata tun yana saurayi har furfura ta fito masa, ya zama shugaban direbobi, ya yi ritaya ba a taɓa cewa ya goga motar wani ba. Da wannan yake tinƙaho a ko'ina. Amma ya san zaman da Mama ta yi tana jiransa a bakin taga, ya kuma sha faɗa cewa bai kai 'yarsa makaranta har ta zama malama don ta ƙare tana jiran direba ba.

Auta ba ta yi masa tsaurin ido ba. Haƙuri ta yi, tana bi ta hannun Mama, har Baba ya sauko ya ce to, yaron ya turo manyansa ƙarshen wata. Yaya ne kawai bai ji daɗi ba, domin ya daɗe yana yi wa abokinsa sha'awarta, shi ma Manaja bai ɓoye nasa nufin ba.

Da yamma aka kira Dogo. Ya zo da rigar aikinsa, ya durƙusa a bakin ƙofar falo. Auta na bayan labule tana jin komai.

Baba ya tambaye shi ko ya tsaya a wurin, ya ce ya tsaya. Ko ya ga motar, ya ce ya gan ta. Ko shi ya buge ta, ya ce a'a. Yaya ya ce ai fentin fari ne, motarsa ma fara ce, jikinta kuma duk karce ne ko'ina, wa zai gane sabo daga tsoho. Dogo ya ce a je a duba, idan an ga baƙin fenti a jikinta ya yarda. Yaya ya yi dariyar ƙeta ya ce tun safe ai ya isa a wanke mota sau nawa.

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Yaro, hannu yana kuskure. Duk wanda ya riƙe sitiyari ya san haka. Abin da ba na yafewa shi ne mutum ya buga ya gudu, a kira shi kuma ya rantse. Ka je ka yi tunani. Ranar Juma'a da yamma ka dawo nan, ka amsa laifinka a gaban mai mota, ka ba shi haƙuri, magana ta mutu. In ba za ka iya ba, kada manyanka su wahalar da ƙafarsu."

Manaja ya gyara zama ya ce shi wallahi ba gyara yake nema ba, darajar gidan nan ta fi ƙofar mota a wurinsa. Gaskiya kawai yake so. Amma idan aka ci gaba da raina masa hankali, dole ya kai maganar ofishin 'yan sanda, ya kuma sanar da mai gidan burodin irin direban da yake ba wa mota.

Dogo ya yi godiya ya tashi. Da ya zo wucewa ta gefen labulen ya ɗan rage tafiya, kamar ya san tana nan, sannan ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi wa Auta ƙunci. Yaya ba ya wuce ta sai ya yar da magana. Ya ce Allah ne ya so ta, ya nuna mata halin mutum tun ba a ɗaura ba. Matarsa ma ta sa baki, ta ce mace mai aiki irinta ai sai wanda zai fitar da ita kunya.

Manaja ya zo har makarantar da take koyarwa, a motar haya, ya jira ta a bakin ƙofa har aka tashi yara. Bai zagi Dogo ba. Da ma ya zage shi da ta fi samun sauƙi. Cewa ya yi ya san ba shi ne a ranta ba, kuma ba zai yi amfani da wannan abu ya cusa kansa ba.

"Abu ɗaya kawai zan ce ki duba," in ji shi. "Mutumin da ya kasa tsayawa a kan ƙofar mota, ranar da abin da ya fi wannan ya taso a gidanki, zai tsaya?"

Ta ce ta ji, ta gode. Amma maganar ta bi ta har gida, ta zauna mata a ƙirji.

Ranar Laraba da aka tashi ba ta wuce gida ba. Gidan burodin ta nufa.

Ta same shi a bayan ginin, inda ake lodi. Ƙofar motar a buɗe, yana jera faranti-faranti na burodi mai zafi a kan kantocin ciki, ƙamshi ya cika wurin. Da ya gan ta ya sauke farantin da ke hannunsa, ya goge mata benci da gefen rigarsa. Ya rame a 'yan kwanakin nan, idonsa ya faɗa.

Ba ta zauna ba. Zagaya motar ta yi a hankali tana duba jikinta, gaba da baya, ita kanta tana jin kunyar abin da take yi. Ya tsaya yana kallonta bai hana ta ba.

"Kin samu?" ya tambaya.

Sai hawaye suka zubo mata. Ta zauna a bencin ta rufe fuska da mayafi.

Ta ce masa ba ta zo tuhumarsa ba, roƙo ta zo yi. Ta tuna masa irin haƙurin da suka yi kafin Baba ya ce to. Ta ce kalma ɗaya ce, ya je ya ce shi ne, ya ba da haƙuri, a wuce wurin. Ko shi ne ko ba shi ba ne, ita ta yafe, ba za ta taɓa tayar masa da maganar ba har abada.

Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya bar tazara a tsakaninsu kamar kullum.

"Kin ce ko ni ne ko ba ni ba ne. Ke nan ke ma ba ki sani ba."

"Ta yaya zan sani? Ranar nan ka ƙi kallona. Ka tafi kana sauri. Me kake so in ɗauka?"

Ya kalli hannuwansa.

"Auta, idan na ce ni ne, na zama maƙaryaci sau biyu. Na farko wanda Baba yake zargi, na biyu na gaske. Da wannan sunan zan shiga gidanku. Duk ranar da na buɗe baki a gaban Yaya zai tuna. Ke ma za ki tuna, ko ba ki faɗa ba."

Ta ce to ya faɗi wanda ya yi mana, idan ya sani. Ta faɗa ne kawai cikin kuka, ba ta zaci komai ba. Sai ta ga ya kau da kai.

Kukan ya tsaya mata cak.

"Ka sani," ta ce. "Ka ga wanda ya yi."

"Na gani."

"Wane ne?"

Ya girgiza kai.

Ta roƙe shi da Allah. Ta yi fushi. Ta tambaye shi ko wannan mutumin ya fi ta ne a wurinsa, da zai yarda ya rasa ta ya rasa aikinsa don ya rufa masa asiri. Ta ce idan tsoro yake ji ya faɗa mata ita kaɗai, ita za ta tsaya. Duk abin da ta ce, amsarsa ɗaya ce: ba tsoro ba ne, kuma ba daga bakinsa za a ji ba. Ya ce ranar Juma'a zai zo, zai ce a kai motar wurin mai gyaran jiki a wuyansa, amma ba zai ce shi ya buga ba.

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce masa to ya zaɓa, ita ba ta da sauran abin cewa. Ta kai bakin lungu ya kira ta. Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ai Baba ya koya miki tuƙi. Idan zai fita, ki riƙa jan sa. Kada ki bar shi shi kaɗai."

Haushi ya kama ta, ta wuce. Ana maganar rabuwarsu, shi yana maganar tuƙi.

Sai da ta shiga motar haya, ta zauna a gefen taga, maganar ta dawo mata. Ta juya ta, ta sake juya ta. Mai shago an tambaye shi motar da ta tsaya a wurin. Babu wanda ya tambaye shi motar da ta fito. Ranar Asabar ce kaɗai Baba ke fita da tsohuwar motarsa, ya karɓo maganinsa ya gaisa da tsofaffin abokan aikinsa. Da baya yake fitowa daga get. Motar Baba fara ce.

Ta dafe kujerar gabanta, har matar da ke kusa ta tambaye ta ko lafiya.

Da ta isa gida Baba na falo yana sauraron rediyo. Ta gaishe shi ta wuce, ta zagaya ta ƙaramar ƙofa ta shiga gareji. Motar na nan lulluɓe da tampol ɗinta, yadda yake rufe ta da kansa duk ya dawo. Ta durƙusa a bayanta ta ɗaga gefen tampol ɗin.

Kusurwar bamba ta hagu ta lanƙwashe. Gilashin fitilar ya tsage. Ga baƙin fenti ya kama farin, ɓaro-ɓaro.

Ba ta san tsawon zaman da ta yi a wurin ba, sai da inuwa ta rufe ƙofar. Mama ce, da ludayi a hannu, ta zo nemanta. Ta kalli Auta, ta kalli bambar, ludayin ya faɗi.

Mama ta turo ƙofa ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Cikin raɗa ta faɗa mata abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ciwon yanar ido ya fara rufe idon Baba tun bara. Na hagun ma kusan ba ya gani da shi. Ita ke duba masa lambar waya, ita ke nuna masa magani, baƙi kuwa da murya yake gane su. Ya hana ta faɗa wa kowa, ya ƙi zuwa asibiti, don ya san abin da likita zai fara cewa shi ne ya ajiye makulli. Ta ce ranar Asabar da ya dawo ya yi mata mita cewa dutsen bakin kwata ya sake taɓa masa taya, a sa yara su kawar da shi. Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

"Mama, a kan wannan za a raba ni da Dogo. A kan wannan za a kore shi daga aiki."

Mama ta kama hannunta da hannu biyu.

"Ki rufa min asiri ki rufa wa ubanki. Mutumin nan babu abin da ya rage masa sai wannan suna. Idan aka ce a gaban yaran nan shi ya buga mota, kuma ya zauna yana yi wa wani hukunci a kai, kin kashe shi da ransa. Ki lallashi yaron ya karɓa. Ni na yi miki alkawari, da bakina zan sa a yi auren nan."

Auta ta ce ta riga ta lallashe shi, ya ƙi. Mama ta ce ta sake. Suka zauna su biyu suna hawaye ba sauti, rediyon Baba na tashi daga falo.

Washegari ta wuni tana kallon Baba da wani sabon ido. Ta ga yadda yake laluben hannun kofi kafin ya ɗauka. Ta ga yadda yake juya kansa gaba ɗaya idan an yi magana ta hagunsa. Da ta kawo masa ruwa ya ce, "Sannu, Uwata," domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata, haka yake kiranta tun tana zanen goyo. Ya riƙe hannunta ya ce ya san tana jin haushinsa, amma wata rana za ta gane gata ya yi mata. Ta fita da sauri.

Ta ɗauki waya sau da yawa za ta kira Dogo ta ce masa ta gane. Me za ta ce bayan nan? Ya karɓa, ko ya tona? Duk biyun ba za su fito daga bakinta ba. Ta ajiye.

Ranar Juma'a da yamma falon ya cika kamar wancan karon. Baba a kujerarsa, Yaya a gefe, Manaja sanye da fararen kaya yana ƙamshin turare. Mama ta ƙi fitowa daga ɗaki. Auta ta koma bayan labulenta.

Dogo ya yi sallama ya durƙusa. Baba ya ce yana sauraronsa.

Dogo ya ce ya yi tunani kamar yadda aka umarce shi. Ya ce ya yi magana da wani mai gyaran jikin mota da ya yarda da aikinsa, a kai motar gobe, komai a wuyansa, za ta fito kamar ba a taɓa ta ba. Ya ba Manaja haƙuri a kan ɓacin ran da ya shiga.

Baba ya ce ba wannan ya tambaya ba. Shi ya buga ko ba shi ba ne?

"Ba ni ba ne, Baba."

Yaya ya yi tsaki. Manaja ya tambaya, cikin sanyin murya, wane mai hankali ne zai gyara motar da bai buga ba. Baba ya sunkuyo gaba.

"Ka jima a wurin. Idan ba kai ba ne, ka ga wanda ya yi ke nan."

"Na gani."

"To faɗe shi."

 Auta ta damƙe labulen har yatsunta suka yi zafi. Ta ga Dogo ya ɗago ya kalli Baba, kallo ɗaya, sannan ya mayar da kansa ƙasa.

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan iya ba."

Baba ya koma ya jingina. Muryarsa ba ta tashi ba, amma kowace kalma ta fito da nauyi. Ya ce ya zauna da direbobi iri-iri a rayuwarsa, ya ga mai ganganci ya ga mai barci, duk ya iya zama da su, amma bai taɓa iya zama da maƙaryaci ba. Ya ce Dogo ya tashi ya tafi, kuma kada ya sake tsayar da motarsa a ƙofar gidan nan.

Dogo ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya ƙara masa lafiya. Ya tashi ya fita. Wannan karon bai rage tafiya a gefen labule ba.

Manaja ya ce shi ke nan, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yanzu sai hukuma. Suka fita da Yaya yana laluben waya a aljihu.

Auta ta saki labulen ta shiga falo.  Ta durƙusa a gaban Baba, ta ce tana so ya zo ta nuna masa wani abu a gareji. Ya ce ba yanzu ba, kuma idan roƙo ne ta riƙe abinta. Ta ce ba roƙo ba ne. Ta ce tun da ta taso ba ta taɓa ce masa ya tashi ba, yau ta ce.

Ya juyo ya fuskanci inda muryarta take. Sannan ya dafa hannun kujera ya miƙe.

A bakin ɗakinta Mama na tsaye, ta haɗa hannuwa tana girgiza wa Auta kai. Auta ta sunkuyar da ido ta wuce.

Ta bi da shi ta ƙaramar ƙofa ta rufo. Babu kowa sai su biyu da ƙanshin tsohon mai. Ta yaye tampol ɗin daga baya. Ba ta ce ya duba ba. Hannunsa ta kama, hannun nan mai kanta da ya riƙe nata a kan sitiyari ranar da ya fara koya mata, ta sunkuya da shi ta ɗora a kusurwar bambar.

Yatsunsa suka bi lanƙwasar. Suka hau gilashin da ya tsage. Suka dawo suka sake bi, a hankali. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya kai fuskarsa dab da wurin, ya juya idonsa na dama yana ƙura wa baƙin da ya kama farin.

Ya daɗe a haka.

"Na ɗauka dutsen bakin kwata ne," ya ce, kamar da kansa yake magana.

"Na sani, Baba."

"Uwarki ce ta faɗa miki zancen idona?"

"Sai da na ga wannan tukuna."

Ya gyaɗa kai. Hannunsa bai bar bambar ba.

"Yaron nan yana cikin motarsa lokacin da na fito."

"Yana ciki."

"Ya gan ni."

"Ya gan ka, Baba. Ni ma ya ƙi faɗa mini. Cewa kawai ya yi kada in bar ka ka fita kai kaɗai."

 Tun da take ba ta taɓa ganin hawayen Baba ba, yau ma ba ta gani ba, don ya juya mata baya ya ɗaga hularsa ya share fuska da ita, ya mayar. Ta ce ya yafe mata. Ta ce babu wanda ya sani sai ita da Mama, idan ya so a bar shi a nan, za ta rufe tampol ɗin, ita dai ta kasa bari ya ci gaba da ɗaukar alhakin mutum bai sani ba.

Daga waje ta ji ƙarar motar burodi ta tashi. Ta san ƙarar ko cikin barci. Ta ji ta ja, ta yi nisa, ta sha kwanar mai shago. A bakin get kuma muryar Manaja ce ke tashi, yana ba wani ɗan sanda kwatancen gidan burodin a waya.

Baba ya dafa motar ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, wanda ko Yaya bai taɓa ba wa ba. Ya laluɓi tafin hannunta ya saka, ya naɗe yatsunta a kai.

"Buɗe babbar ƙofa, Uwata. Ke za ki ja. Mu cim ma yaron nan kafin su riga mu."

Ta kalli ƙofar garejin, ta kalli bayan motar.

"Baba, suna bakin get. Da baya zan fito. Wannan wurin za su fara gani."

Ya zagaya yana dafa jikin motar har ya kai ƙofar mai zaman banza, kujerar da rabonsa da zama a kanta tun yana koya mata tuƙi. Ya buɗe ya shiga, ya gyara hularsa.

"Su gani," ya ce. "Ki tsaya daidai gabansu, ki sauke mini gilashi."